Wasiƙa ga Iyaye: Yara Za Su Fara Zuwa Gida da Littattafan Laburare

Assalamu alaikum.

Iyayenmu maza da mata, da duk masu riƙon yaran wannan makaranta, muna gaishe ku da fatan an shiga sabon zango lafiya. Allah Ya saka da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi.

Daga wannan zango, kowane ɗalibi, tun daga aji uku na firamare har ajin ƙarshe na babbar sakandare, zai iya aron littafi a laburaren makaranta ya tafi da shi gida na mako biyu. A da sai dai a zauna a ciki a karanta idan an fita tara, ga lokacin ɗan kaɗan, ga yunwa, kafin yaro ya buɗe shafi an kaɗa ƙararrawa. Yanzu kowa yana da katin aro da sunansa, kuma kowane aji an ware masa darasi guda a mako wanda ba a koyar da komai a cikinsa. Yaro zai zaɓi abin da ransa ke so, ya zauna ya karanta, malamin ajin ma ya ɗauki nasa.

Abin da ya sa muka yi haka, duk malamin da ke duba takardun jarrabawa ya san shi. Muna da yara masu kaifin hadda, a ba su shafi su zubo shi ba gargada, amma a ce su rufe littafin su faɗi abin da aka ce da bakinsu, sai shiru. Irin wannan yaro ba a jarrabawar Turanci kaɗai yake faɗuwa ba. Tambayar lissafi ma a cikin jimla take zuwa, haka ta kimiyya, kuma WAEC da NECO da JAMB ba su tsayawa su yi wa kowa bayanin tambaya. Fahimta kuwa yawan karatu ne ke kawo ta, kuma yaro ba ya yawaita karanta abin da bai ji daɗinsa ba.

Saboda haka ga roƙonmu na farko, shi ne kuma mafi girma. Idan kun ga ɗanku ko 'yarku da littafin labari, don Allah kada a ƙwace a ce ya je ya ɗauko na makaranta. Mun san da kyakkyawar niyya ake faɗa, domin kuɗin makaranta ba a ƙasa ake tsintarsa ba, kowa yana son ya ga sakamako. Amma yaron da ya ƙosa ya ji yadda labari zai ƙare, shi ne yake cin shafi hamsin ba wanda ya tsaya a kansa da bulala. A nan yake tsintar kalmomi, ya ga yadda ake ɗaura jimla, ya saba da zama wuri ɗaya hankalinsa a kan takarda. Ranar rubuta insha'i, wannan duka yana fitowa.

Mu mutanen Zariya bai kamata a ce ana lallashinmu a kan wannan ba. A garin nan ne Hukumar Talifi, ƙarƙashin wani Bature, Dokta East, ta shirya gasar rubuta labaran Hausa a 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, lokacin yana matashin malamin makaranta a Katsina. A nan ya zo ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, kuma don 'yan makaranta aka yi shi, domin tun a wancan zamani masu ilimi sun gane cewa da labari ake jawo yaro ga karatu. A nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sannan kamfanin buga littattafai na Arewa (NNPC) a 1966. Littattafan da kakannin yaran nan suka koyi boko da su, daga Sakkwato har Yola, da yawansu daga Zariya aka ɗaure su aka aika. Tun kafin boko ma, almajirai daga nesa suke zuwa zaurukan malaman cikin birni neman ilimi, har gobe kuma suna zuwa. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru tun 1962 da babban laburarenta na Kashim Ibrahim. Abin ciwo ne yaro ya tashi a tsakiyar wannan duka, ya gama sakandare bai taɓa karanta littafi guda daga bango zuwa bango don son ransa ba.

Wasu iyaye za su tambayi dalilin da ya sa ƙananan yara suke zuwa gida da littattafan Hausa alhali da Turanci ake jarrabawa. Da gangan muka yi. Yaron da ya fara karatu da harshen da yake mafarki da shi, ma'ana yake bi tun daga shafin farko, ba kiran baƙi kawai ba. Idan wannan ta zauna, sai ta bi shi zuwa Turanci da Larabci. Kantocinmu suna da duka ukun, kuma malamin laburare yana lura da wanda ya isa a miƙa masa na gaba.

Ga iyayen da ba su yi boko ba, kada ku ce wannan wasiƙa ba da ku take ba. Ku sa yaro ya karanto muku da ƙarfi, ku saurara, ku tsayar da shi ku tambaya: to me ya sa sarkin ya yi fushi? Kai da kai ne me za ka yi? Wanda ya san rayuwa ya fi kowa iya irin wannan tambaya. Malam Aliyu Namangi, mai waƙoƙin Imfiraji, ba ya gani, da kunne ya sha iliminsa, ga shi har yau ana nazarin waƙoƙinsa a jami'a. Kaka da ke zaune a tsakar gida tana tsinkar zogale tana iya zama mai sauraron jikanta, kuma yaro ya fi ƙoƙari idan ya san akwai mai jiran jin ƙarshen labarin.

Mun san lokacin yaranmu a cike yake. A tashi daga boko a wuce Islamiyya, bayan magariba ga karatun allo, ga aike, wuta kuma sai ta ga dama. Ba mu nemi a rage ko ɗaya daga cikin karatun addini ba. Minti ashirin muke roƙo, bayan isha'i da fitila mai caji, ko ranar Alhamis da Juma'a da ba a zuwa makarantar allo. Iyaye mata, a nan muna jan hankalinku musamman kan 'ya'ya mata. Sau da yawa yarinya ce ke mayar da littafi ba ta kai rabi ba, a tambaye ta ta ce wanke-wanke da raino. A riƙa raba aikin da 'yan'uwanta maza, ita ma ta sami nata lokacin.

'Yan sakandare kuwa, maganarsu daban ce. Da yawansu suna karatu fiye da yadda ake zato, sai dai a waya, dogayen labarai da ake turawa ta WhatsApp babi bayan babi, wasu masu kyau, wasu kuma ba su dace da shekarunsu ba ko kusa. Ƙwace waya kaɗai ba ya kashe wannan ƙishirwa, ɓoyewa kawai za su koya. A tambaye su cikin natsuwa me suke karantawa, a ba su wanda ya fi shi. Duk littafin da ke kan kantarmu, malami ya karanta shi kafin a buga masa hatimin makaranta, kuma duk uba ko uwar da suka ga abin da bai kwanta musu ba, su zo mu zauna a kai.

Batun yagewa da ɓacewa, kada tsoron biya ya sa a hana yaro aro. Littafin da ya sha hannu har bangonsa ya saki ya fi mana daɗin gani bisa wanda gara ta ci a kan kanta. Wanda ya yage, a dawo da shi haka nan, muna da gam da zare. A dai sa shi cikin leda a jaka, a nisanta shi daga miya da hannun ƙannai. Idan ya ɓace a sanar da mu da wuri, mu san yadda za a yi.

Akwai gidaje da yawa a garin nan da ke da tsofaffin littattafai a cikin akwati ko adaka, ba mai buɗewa. Wanda ya ga zai iya ba da su sadaka, ya kawo ofishin makaranta, za mu rubuta sunan gidan a cikin bango idan ana so. Mun fi buƙatar na ƙananan yara masu hotuna da manyan baƙaƙe, da ƙamus. Ranar taron iyaye da malamai mai zuwa laburare zai kasance a buɗe tun safe, a shigo a ga inda yaran ke zama, wanda yake so kuma a yanka masa nasa katin aro.

Allah Ya raya mana su, Ya yi musu albarka.

Wassalam,
Shugabar Makaranta, a madadin malamai