A Gyara Yadda Ake Koyar da Zaɓin Kulorin da Buromin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai albarka domin in ja hankalin 'yan uwana malaman kimiyyar sinadarai kan wani darasi da muke koyarwa rabi da rabi, wato yadda kulorin ko buromin ke maye gurbin haidurojin a jikin haidurokabon (sinadarin da ya ƙunshi kabon da haidurojin kawai) idan haske ya raba kulorin ko buromin ɗin gida biyu, kowane ɓangare ya fita da elektron guda marar abokin zama.

Muna sa ɗalibai su haddace cewa kulorin ya fi son haidurojin da ke kan kabon mai maƙwabtan kabon uku, da kusan ninki 5 a kan na kabon mai maƙwabci ɗaya, buromin kuwa da ninkin da ya haura 1,000. Bayanin da muke bayarwa daidai ne, domin kulorin yana fizgar haidurojin cikin gaggawa tare da sakin zafi, ba ya tsayawa tantancewa, shi kuwa buromin sai ya sha wuya kafin ya fizga, saboda haka yake neman wuri mafi sauƙi, kamar yadda ƙa'idar masanin sinadarai George Hammond ta 1955 ta nuna.

Abin da ke damuna shi ne yadda ɗalibi ke fita yana zaton waɗannan alƙaluma ba sa motsi. Tun a 1957 masanin sinadarai Glen Russell ya nuna a Amurka cewa ruwan da aka narkar da sinadarai a ciki yana sauya su. Da ya gwada wani haidurokabon mai suna 2,3-daimetilbutan, fifikon kulorin ya tashi daga kusan ninki 4 zuwa 20 a cikin benzin (ruwan sinadari mai zoben kabon shida), ya ci gaba da hawa gwargwadon yawan benzin ɗin, saboda kulorin yana maƙalewa a zoben benzin, kaifinsa ya ragu, sai ya koma mai zaɓe. A ganina, wannan gwaji kaɗai ya cancanci darasi guda.

Sai batun cunkoso. Kabon mai maƙwabta uku shi ne mafi sauƙin rabuwa da haidurojinsa, amma kuma shi ne aka fi kewayewa da rassa, don haka mai fizga mai ƙaton jiki, irin wanda ake samu daga amin (sinadari mai naitirojin) mai manyan rassa, yakan kasa kaiwa gare shi, ya koma kan kabon mai maƙwabta biyu.

Ina roƙon masu shirya tambayoyin jarrabawa su riƙa faɗin ruwan narkarwa da matakin zafi duk lokacin da suka nemi ɗalibi ya lissafa kason kowane sinadari da zai fito.

Naka,
Wani malamin kimiyyar sinadarai