Aikin Bernard Fagg a Nok da ɓarnar masu haƙar ɓoye

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Duk lokacin da jaridu suka kawo labarin mutum-mutumin Nok, wato tsoffin siffofin yumɓu da ake tonowa a ƙasa, kuɗin da ake sayensu a Turai ake ambata. Muna roƙon fili mu yi magana a kan Bernard Fagg, wanda ya fara nazarinsu, da kuma abin da ya sa wurin da aka tsinci abu ya fi abin kansa daraja a wajen mai bincike.

Fagg Baturen Ingila ne, ya zo Najeriya a 1939 yana ma'aikacin mulki a Jos. Tun 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ƙaramin kai na yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau, amma ba wanda ya san matsayinsa. Da aka kawo wa Fagg wani kan daga yankin Jama'a a farkon shekarun 1940, wanda har an kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye, sai ya lura idanunsu iri ɗaya ne: masu kusurwa uku, da huda a tsakiya. Ya bi filayen kuza yana roƙon leburori su daina fasa irin waɗannan. Shi ya kafa Gidan Tarihi na Jos a 1952, ya shugabanci sashen kayan tarihi na ƙasa daga 1957, sannan ya koma Okusfod a 1963. Shi ne kuma ya sanar da masana duwatsun kiɗa na Birnin Kudu.

Matsalar da ya fuskanta ita ce, kayan wurin wankin kuza ruwa ne ya kwaso su ya jibge. Itacen da ke gefen mutum-mutumi yana iya girme shi da shekaru ɗaruruwa, don haka auna shekarun itacen bai tabbatar da komai ba. Wannan ya kai shi Taruga, kusa da Abuja, a shekarun 1960. A can ya sami guntayen mutum-mutumi, da murahun narka tama, da kashin maƙera, da gawayi, duk a inda masu su suka bar su. Gwajin kabon-14, wanda da shi ake auna shekarun abin da ya taɓa rayuwa kamar itace, ya kai gawayin wajen ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A ganinmu Taruga ce babbar gudummawarsa, ta fi tara kawuna nesa ba kusa ba.

Shi ma gwajin yana da inda yake gaza. Gawayin tsohuwar bishiya yakan nuna shekarun da suka wuce na wutar da ta ƙona shi, shi ya sa yanzu aka fi son ƙwayar hatsi da ta ƙone, tunda damina ɗaya ta yi. Tsakanin 800 da 400 kafin haihuwar Annabi Isa kuwa sakamakon kan cuɗe, ba ya rarrabe ƙarni da ƙarni. Ƙasar yankin kuma tana cinye ƙashi, don haka da wuya a sami ƙashin da za a gwada. Duk da haka ayarin Peter Breunig na Jami'ar Farankfot ta Jamus, da ya fara aiki a 2005, ya mayar da farkon al'adar Nok zuwa wajen 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kuma nuna gero da wake mutanen Nok suke nomawa.

Masu haƙar ɓoye suna rusa duk wannan da diga cikin yini guda: su ɗauki kai, su watsar da tsingaro da gawayin da za su faɗi shekarunsa. Manomin da garmarsa ta ci karo da irin wannan, kada ya ciro shi, kada ya wanke shi, domin wanki yana tafiya da lulluɓin yumɓun da ya rage a jikinsa. Ya ɗauki hoto da wani abu a gefe da zai nuna girmansa, ya sa alama a wurin, ya mayar da ƙasa a hankali, sannan ya sanar da mai unguwa da ofishin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa mafi kusa, a Kaduna ko Jos.

Wassalam.

Wasu masu nazarin kayan tarihi,
Zariya