Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025: Horon Ƙananan Dawaki da Kilisar Farkon Damina

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayen ƙungiya, dattawanmu, Allah ya ƙara girma. Shugaba, 'yan kwamiti, da sauran 'yan uwa masu dawaki da masu yi musu hidima, ga bayanin abin da aka gudanar a bana.

Shekara ce da muka yi ta babu hawa. Ƙaramar Sallah ta kama ranar 30 ga Maris, Babba kuma 6 ga Yuni, duka biyun hukumomin tsaro suka dakatar da hawa a Kano. Abin ya zo ne watanni kaɗan bayan UNESCO ta shigar da hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, shi ya sa ya fi yi wa mutane ciwo. Wanda ya ɗinka kaya, ya gyara sirdi, yana jiran Hawan Daushe da Nassarawa, sai ya naɗe ya mayar adaka. Wasu gwiwarsu ta yi sanyi har suka sayar da dawakinsu. Kwamiti ya zauna ya ga cewa tunda babu gaggawar shirya doki don ranar Sallah, a mayar da ƙarfin shekarar kan ƙananan dawakin da aka daɗe ana yi wa horon sauri. Mafi yawan wannan rahoto a kansu yake.

Aikin farko shi ne zagayen turaka. Mun bi gida-gida tare da likitan dabbobi da biyu daga cikin dattawanmu, ana buɗe baki ana duba haƙora. A nan aka sha mamaki. Doki yakan zubar da haƙoran nono na tsakiya yana da shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi, bakinsa ya cika a shekara biyar. Da wannan ma'auni sai ga shi dawaki da dama da aka sayo daga Maigatari da Mai'aduwa a kan cewa 'yan shekara huɗu ne, ko uku ba su cika ba. Tsayi da ƙiba ne suka ruɗi masu saye, dillali kuwa ba zai ce maka ka buɗe baki ba. Likita ya ƙara da cewa ƙasusuwan gwiwa sukan gama haɗewa wajen shekara biyu zuwa biyu da rabi, amma na gadon baya, inda sirdi ke zama, sai an kai biyar ko shida. Saboda haka aka tsayar da doka: duƙushin da bai zubar da haƙoran tsakiya ba, ba a hawansa da sunan ƙungiya; wanda bai kai shekara huɗu ba, ba ya sukuwa, ba a yi masa zamiya, wato tsayar da shi farat ɗaya yana cikin gudu.

An yi gardama a kan wannan doka, kuma gardamar ba ta banza ba ce. Wasu suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ka bar ingarma ya riƙa bai san mahayi ba, ka haɗa kanka da aiki. Gaskiya ne. Amma horo daban, ɗora nauyi daban, kuma akwai aikin wata da watanni da ake yi wa duƙushi mutum yana tsaye a ƙasa.

Shi muka yi tun daga ƙarshen hunturu. A saba masa da ragama, ya bi mai jansa ba tare da turjiya ba, ya tsaya in an tsaya. A shafa shi tun daga kunne har ƙasan ciki, a ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya a ƙwanƙwasa kofato. Daga nan a zagaya da shi da doguwar igiya, hagu da dama daidai wa daida, ba a wuce ɗan lokaci kaɗan. Ranar da za a fara ɗora masa wani abu a baya, buhu ne mara komai. Akwai wani bidi da muka daɗe a kansa: da buhun ya taɓa shi sai fatar bayansa ta hau rawa, kunnuwa su kwanta, ya takure wutsiya. Dattijon da ke riƙe da shi bai ce uffan ba, ya sauke buhun, ya miƙa masa ya sunsuna, ya sake ɗorawa. Haka aka yi ta yi har ranar da ya sauke kai ya fara lasar leɓe da buhun a bayansa. Sai bayan nan aka kawo sirdi, shi ma aka ja majayi sannu-sannu, aka bar likkafu suna lilo a gefensa yana tafiya.

Maganar linzami ma ta taso. Linzaminmu na gargajiya mai zobe yana da kaifi, an yi shi ne don ƙasaitaccen doki da gwanin mahayi mai sauƙin hannu. A sa shi a bakin duƙushi, a miƙa wa yaro, ƙarshenta baki ya tsage, dokin ya koyi ɗaga kai da miƙewa tsaye. Mun sayi linzamai masu laushi irin na 'yan folo, ana ba da aro. Wanda ya karɓa bai dawo da shi ba, ma'aji yana da sunansa.

Bazara ta matsa mana. Azumi ya cinye watan Maris, Afrilu kuma zafi yakan kai digiri 40 a Kano, don haka aka mayar da horo bayan sallar Asuba, kafin hantsi an kwance. Doki yakan sha lita 25 zuwa 50 a rana, ya fi haka in ana zafi. Mun tarar da gidajen da ake ba shi bokiti ɗaya safe ɗaya yamma. An yi magana, yawanci sun gyara.

Da ruwa ya sauka ƙasa ta yi sanyi, aka fara fita kilisa, wanda shi ne abin da 'yan uwa suka fi jin daɗinsa a bana. Ba a cikin gari ba. Kowa ya san ƙorafin jama'a kan samarin da ke sakin doki a kan kwalta tsakanin Adaidaita Sahu da 'yan makaranta, kuma ba ma so a haɗa mu da su. Mukan fita ta wajen Fanisau, wani lokaci ta Ɗorayi mu gangara yashin Challawa. Tsarin shi ne tsohon doki mai sanyin hali a gaba, wani a baya, ƙanana a tsakiya, waɗanda ba a fara hawa ba ana jan su a gefen manya. Tafiya ce da takama kaɗan, babu tsere.

A daji ne ake gane abin da horon fili bai koyar ba. Duƙushin da ya saba da kakaki da algaita, don mun sa an busa musu, sai ga shi yana zabura saboda leda ta maƙale a ƙaya tana kaɗawa, ko zabuwa ta tashi fir daga cikin ciyawa. Ruwa ya fi ba su tsoro. A bakin wani ɗan rafi wata goɗiya ta kafe, tana huci tana tona ƙasa. Mahayinta ya so ya sa ƙaimi, aka hana shi. Tsohon kilin da ke gaba ya shiga ya tsaya a tsakiya yana sha. Ta dube shi, ta sa ƙafa ɗaya, ta janye, can ta bi shi. A dawowa ita ce ta fara shiga.

Abu biyu suka ba mu matsala a wannan fita. Na farko gonaki: lokacin shuka ne, burtali ya ƙuntata a wurare da yawa, kuma sau ɗaya dawakinmu suka taka gefen gonar gero. Shugaba ya je da kansa wajen mai unguwa aka ba mai gona haƙuri, aka biya. Daga ranar ba ma bin sabuwar hanya sai an tura mutum ya gano ta tukuna. Na biyu sabuwar ciyawa. Dokin da ya yi watanni a kan harawa da dusa da dawa, in aka sake shi ya cika ciki da ɗanyar harkiya rana ɗaya, ciwon ciki ne ko zawo, wani ma ya sauka a kofato. Canjin abinci ana yin sa ne a hankali cikin kwana 7 zuwa 10. Mun rasa doki ɗaya ta wannan hanya, na wani ɗan uwa da yaronsa ya ɗaure shi a fadama ya tafi. Allah ya mayar masa da alheri.

Ta fannin lafiya, an ba da maganin tsutsar ciki a farkon damina da ƙarshenta, an yi feshin kaska. Likita ya ja kunne kan cutar nan ta dawakin Afirka da wasu ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa, waɗanda suka fi fitowa da magariba da asuba a damina, kuma ta fi kashe dawakin da aka shigo da su daga ƙasashen waje. Shawararsa a shigar da doki ɗaki kafin faɗuwar rana, a yi hayaƙi, a raba turke da kwatami. A watan Agusta an dakatar da fita saboda taɓo, aka koma gyaran kofato, don tsayuwa cikin danshi na ruɓar da shi.

Bayanin kuɗi yana cikin takardar ma'aji da za a raba. Abin da za a faɗa a nan shi ne haɗa kuɗi da aka yi aka sayi harawa da kaka ya yi amfani, domin kowa ya san yadda farashinta ke tashi in bazara ta yi nisa. Waɗanda ake bi kuɗin wata su taimaka su biya kafin taro.

A baɗi ana sa ran Ƙaramar Sallah wajen 20 ga Maris, gwargwadon ganin wata. Ko an yi hawa ko ba a yi ba, dokar haƙora tana nan, kuma kwamiti ne zai tantance ƙananan da suka isa shiga ayari. Mai duƙushin da yake so a sa shi a horon zagaye na gaba ya ba da suna wajen sakatare, ya zo da yaron da ke kula da dokin, domin shi ma za a koya masa.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamiti