Takardar Koke Kan Gonakinmu da Ke Bakin Gandun Daji

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Mai Girma Dagaci.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ƙara masa lafiya da nasara.

Ranka ya daɗe, mu talakawanka manoman ƙauyukan bakin gandun daji muna kawo kukanmu kan abin da ya faru ranar Talatar da ta gabata, lokacin da ma'aikatan kamfanin da aka ba hayar dajin suka shigo da katafila da masu gadi, suka tumɓuke masarar da ta riga ta yi goyo, suka bi ta kan kunyoyin citta, sannan suka tafi da samarinmu da suka tarar suna noma. Ko dorawar da kakanninmu suka bari ba su ƙyale ba. Da dattawa suka nemi a nuna musu takarda, sai aka ce su je Kaduna su tambaya.

Ba za mu ɓoye wa uban ƙasa gaskiya ba: wasunmu sun yi sassabe sun shiga daji, musamman bayan cutar da ta cinye cittar Kudancin Kaduna a 2023 ta bar magidanta da bashi. Amma ina iyakar take? Turakun simintin da aka kafa tun zamanin Turawa sun ɓace, kuma malaman daji da kansu ne suka riƙa ba iyayenmu wuri su shuka abinci a tsakanin layukan dashen malaina, suna kula musu da itatuwan. Yau 'ya'yan waɗannan mutane ake kira masu kutse.

Tun kafin wannan ɓarna mun je wurin Dagaci, mun je sakatariyar ƙaramar hukuma, mun rubuta, mun sake rubutawa, an ce za a turo kwamiti, damina ta zo ta wuce. An faɗa mana cewa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta bar wa wanda yake noma gonarsa a karkara kafin dokar haƙƙin ci gaba da nomanta, kuma idan gwamnati ta karɓe fili sai ta biya diyyar amfanin da ke kai. To, wace gona ce dokar ta rufa wa asiri, wace ce ta faɗa cikin hayar da aka ƙulla ba tare da an kira ko mutum ɗaya daga cikinmu ba?

Muna roƙon Mai Girma Hakimi ya sa baki a sako yaranmu, a dakatar da katafila har mu girbe abin da ya rage. A turo masu safiyo su fitar da iyaka a gaban dagatai da masu unguwanni, a karanta mana takardar hayar da Hausa, a biya waɗanda aka lalata wa amfani. Muna sake roƙo, ranka ya daɗe, a sako yaran nan, domin iyayensu mata ba su runtsa ba, kuma mun gaji da ba matasa haƙuri da bakin da ba shi da amsa.

Allah ya ƙara wa Hakimi imani da tsawon rai.

Mu ne naka masu biyayya,
Manoman ƙauyukan bakin gandun daji.