A auna ganuwar Kano tun tana tsaye

Malam Edita,

Da gobara ta cinye rufin cocin Notre-Dame na birnin Paris a 2019, an yi sa'a wani malamin jami'a, Andrew Tallon, ya riga ya auna ginin lungu-lungu da na'urar lesa. Kaburburan waliyyan Timbuktu da aka rusa a 2012 kuwa, tsofaffin hotuna da hannun magina 'yan gado ne suka sake tayar da su a 2015.

Mu fa? Duk damina sai na tarar wani sashe na ganuwar Kano ya zabtare, ragowar kuma ana yasar ƙasarta ana buga bulo. Don Allah jami'o'inmu su tura ɗalibai da kyamara da igiyar awo, ƙofa bayan ƙofa.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano