Wasiƙar ƙorafi zuwa ga kamfanin da ke ɗauke da shafin shagona na intanet

Zuwa ga shugabannin kamfani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan an yi sallah lafiya.

Na fito fili da wannan wasiƙa ne saboda duk ƙofar da kuka ce a ƙwanƙwasa in an sami matsala na ƙwanƙwasa, ba a buɗe ba. Da Hausa kuma na rubuto, tun da da Hausa kuka shigo zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwarmu na Jidda da Makka kuna talla, kuna cewa ku na gida ne, ba sai mutum ya yi fama da Larabci ko Turanci ba. Ban ambaci sunanku ba. Kun san kanku, waɗanda kuka sayar wa irin abin da kuka sayar mini su ma sun san ku.

Ina sayar da dabino da turare da abaya da darduma a unguwar Balad da ke Jidda. Wani sashe na cinikina na alhazai ne da masu umara da ke biyowa kafin su wuce filin jirgi, ɗaya sashen kuma na waɗanda suka koma Kano da Kaduna da Maraɗi suke aiko da oda. Saboda su na buɗe shafi. Duk wannan na shaida wa wakilinku kafin in biya ko halala ɗaya. Na gaya masa kasuwata yawancin shekara a kwance take, sai Ramadan da lokacin aikin hajji ta miƙe gaba ɗaya. Ya nuna mini tsari uku: na haɗaka, da VPS (wani yanki na kwamfuta da ake keɓe wa mutum shi kaɗai), da saba sukutum, wato kwamfutar da ake ɗora shafuka a kai, wadda mutum zai riƙe shi kaɗai. Na ce wanne ya dace da ni? Ya ce, "Alhaji, ɗauki na haɗaka ka huta. Ba shi da iyaka, ko mutum nawa suka shigo zai ɗauka."

Yana da iyaka, kuma kun sani. Tsarin haɗaka gidan haya ne mai famfo ɗaya: shafuka masu ɗimbin yawa a kan kwamfuta guda, kowa an yanka masa ɗan rabonsa na ƙarfin aiki da ƙwaƙwalwar na'ura, da adadin buƙatun da za a amsa masa a lokaci ɗaya. Ba aibu ba ne. Ga mai shafin da ke nuna adireshi da lambar waya da 'yan hotuna, ya isa har ya yi saura. Amma shago irin nawa, da ke kan manhajojin gina shago na WordPress da WooCommerce, duk mai saye da ya jefa kaya a kwando sai na'ura ta yi masa lissafinsa shi kaɗai, ta duba rumbun bayanai, in ya kammala odar kuma ta rage abin da ya saura a sito. Mutane da yawa suka taru a lokaci guda, rabon nan ya ƙare. Wannan abu ne da duk mai sana'arku ya sani tun ranar da ya fara aiki. Iyakar kuwa tana rubuce, can ƙasan sharuɗɗanku, da Turanci, a shafin da wakilinku bai taɓa ambata ba. Da ya ce mini, "Alhaji, kasuwa irin taka VPS take so, ko da na watannin cunkoso ne kawai," da na biya ba tare da ja ba. Ban ga laifinsa ba da bai tura ni kamfanin Salla ko na Zid ba, inda mutum ke karɓar shago a shirye su kuma su ji da saba. Ba wanda ke yi wa maƙwabcinsa talla. Amma a cikin kayanku ma bai faɗi gaskiya ba.

A goman ƙarshe na azumi abin ya faru. Kowa ya san yadda Balad take a wannan lokaci: sai bayan tarawihi kasuwa ke ci, har kusan sahur. Ina auna wa wani bawan Allah ajwa sai waya ta yi ƙara, wata hajiya daga Kaduna da ta saba sayen abayoyi da yawa don sallah. Hoton fuskar wayarta ta turo: farin shafi, ba hoto ba farashi, sai layi ɗaya da ke cewa an dakatar da wannan asusu. Ta rubuto a ƙasa, "Alhaji lafiya? Ko an rufe shagon ne?" Ba gargaɗi, ba imel, ba kira. Daga bakin mai saye na ji labarin shafina.

Na kira layinku. Yaron da ya ɗauka ya ce shafina ya cinye rabon wasu, shi ya sa na'ura ta kulle shi da kanta. Na ce to Malam, a buɗe, a mayar da ni babban tsarin, yanzu zan biya. Ya ce sai injiniya. Ina injiniyan? Ya tafi umara. Allah ya karɓa, amma kamfanin da ya rubuta cewa yana amsa kira dare da rana duk mako bai kamata a ce mutum ɗaya ne ke riƙe da mabuɗinsa ba. Shafin ya kwana a rufe, ya wuni, ya sake kwana.

A tallanku kun yi alƙawarin shafi zai kasance a buɗe kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci. Wata mai kwana 30 minti 43,200 ne, kashi ɗaya cikin dubu na wannan kuwa minti 43 ne da 'yan daƙiƙoƙi. Iyakar rufewar da kuka yarje wa kanku ke nan a wata. Da na kawo wannan lissafi, aka ce alƙawarin na saba ne, ba na shafina ba, sabar kuwa ba ta mutu ba. Wannan amsa ta fi rufewar ɓata mini rai.

Bayan an buɗe sai ga wata sabuwa. Odar da ta shigo kafin rufewar ta ɓace, saboda wanda ya gyara ya mayar da shafin kan tsohon kwafi. Kun ce kullum kuna ajiye kwafi. Wanda aka samu tun kafin azumi ne. Haka na zauna da littafi da biro ina bin saƙonnin banki ɗaya bayan ɗaya, ina kiran mutane ina tambayarsu abin da suka saya. Akwai kunya a ce ɗan kasuwa ya karɓi kuɗin mutum, sannan ya bugo yana tambayarsa na mene ne.

Sai batun inda sabar take. Wakilinku ya ce a nan Saudiyya. Ɗan ƙanena da ke karatun kwamfuta ya duba adireshinta, sai ga ta a Jamus. In don saurin buɗewar shafi ne, ban damu ba. Wayoyin ƙarƙashin teku da ke fita daga Legas, irin su MainOne da ta kai Fotugal tun 2010, Turai suka nufa, don haka mai saye a Kano wataƙila ma ya fi samun sauƙi. Damuwata doka ce. Dokar kare bayanan mutane ta ƙasar nan ta fara aiki a Satumban 2023, tana da sharuɗɗa kan fitar da bayanai waje, kuma ni da ke karɓar suna da lambar waya da adireshin mai saye, ni za a fara tambaya. Ba kuma wai babu inda za a ajiye a nan ba: Oracle ta buɗe cibiyar sabobinta a Jidda a 2020, Google ta buɗe a Dammam a 2023. In a waje kuke haya don ya fi araha, ku faɗa, mutum ya zaɓa idonsa biyu.

Kuɗin sabuntawa ya kusa ninka na shekarar farko sau uku, har da kuɗin takardar tsaro ta SSL, wadda ƙungiyar Let's Encrypt ke bayarwa kyauta. Rasidin da kuka turo kuma hoto ne kawai a WhatsApp, kun ɗora harajin kashi 15 amma babu lambar rajistar harajinku a jiki, alhali tun 4 ga Disamban 2021 hukumar haraji ta ZATCA ta wajabta rasidin na'ura. Akantana ya ƙi karɓarsa.

Ga abin da nake nema. Ku ba ni cikakken kwafin shafina, fayiloli da rumbun bayanai duka. Ku ba ni lambar sirrin da ake sauya wa sunan shafi gida da ita. Sunan nawa ne, ni na biya, amma imel ɗinku kuka saka a rajistar, don haka komai wurinku yake zuwa. Ƙa'idar ICANN, hukumar da ke kula da sunayen shafukan intanet, ta ce a miƙa wa mai suna wannan lamba cikin kwana biyar da nemanta, kuma kwana 60 na farko da ake hana sauya wa suna gida bayan rajista sun wuce tuni. Ku mayar mini da kuɗin watannin da suka rage, tare da rasidi na gaskiya. Cinikin da na rasa ban sa shi a lissafi ba, na bar wa Allah.

Na ƙarshe ba don kaina ba ne. Hajji na tafe, kuma na ga tallanku ya sake yawo a zauruka da wannan magana ta babu iyaka. Ku rubuta iyakar kowane tsari a gaban farashinsa, da Hausar da kuke talla da ita, tare da kuɗin shekara ta biyu da ƙasar da sabar take.

In ƙarshen watan nan ya yi ban ji daga gare ku ba, zan kai ƙara Ma'aikatar Kasuwanci ta layin 1900, da hotunan tallanku da saƙonnin wakilinku, duk na adana su.

Wassalam.

Naku,
Mai shagon dabino da turare, Balad, Jidda