Ku Ba 'Yan Katolika Dama Su Yi Bayani Kan Maryamu

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na saurari shirinku na tattaunawa kan addini, inda wani mai kira ya ce 'yan Katolika suna bauta wa Maryamu, mai gabatarwa kuwa ya wuce bai ce uffan ba. Ni 'yar Katolika ce a Zuru, ina cikin Zumuntar Mata, kuma maganar ta tsaya mini a rai.

Ba ma bauta mata. Sujada ta Allah ce shi kaɗai, haka ake koya wa yaranmu tun a ajin katikizim, wato ajin koyon addini. Abin da muke yi girmamawa ce da roƙon ta taya mu addu'a. Ku duba addu'ar da muke maimaitawa sau 50 a carbin rozari. Farkonta gaisuwar mala'ika Jibra'ilu ce da ta Alisabatu 'yar'uwar Maryamu, kamar yadda suke a Bisharar Luka sura ta 1. Ƙarshenta kuwa cewa muke, ki yi addu'a domin mu masu zunubi. Wanda ake ce wa ya yi addu'a, ai shi ma akwai wanda yake roƙa. A ƙasar nan kowa ya san in kana neman abu wurin mutum, ka ga da nauyi, sai ka bi ta wurin mahaifiyarsa. A bikin auren da aka yi a garin Kana, da ruwan inabi ya ƙare, ita ce ta kai wa Yesu kukan masu biki, sannan ta juya ta ce wa barori su yi duk abin da ya faɗa musu. Ba ta taɓa nuna kanta ba, ɗanta take nunawa.

Na san sunan Uwar Allah shi ne ke yi wa mutane nauyi a kunne. Majalisar shugabannin coci da ta zauna a birnin Afisa ce ta tabbatar da shi a shekarar 431, kuma muhawarar a kan Yesu take, wato wane ne wanda ta haifa. Ba wanda ya ce ta riga Mahalicci. 'Yan'uwanmu Musulmi ba su yarda da wannan ba, mun sani, kowa da aƙidarsa. Amma su ma ba sa wasa da darajarta. Sura ta 19 a Alƙur'ani sunanta take ɗauke da shi, kuma ita kaɗai ce macen da aka ambata da suna a cikinsa. Gidan Musulmi nawa ne a Kebbi babu Maryam a ciki?

Wanda yake so ya gane abin da ya sa muke riƙe da ita, ya shigo cocinmu da yamma a watan Oktoba, watan rozari. Zai tarar da mata daga ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, wasu an kashe musu miji, wasu an tafi da ɗa daji. Suna durƙushe suna tuna cewa Maryamu ma ta gudu Masar da jariri a hannu, ta kuma tsaya gindin gicciye tana kallon ɗanta yana mutuwa. Irin wannan uwa ba sai ka yi mata dogon bayanin zafin da kake ji ba. Ranar 1 ga Oktoba ma a gare mu ba bikin 'yancin kai kaɗai ba ne, ranar Maryamu ce Sarauniyar Najeriya, muna yi wa ƙasa baki ɗaya addu'a.

Roƙona shi ne ku gayyaci wani Fada ko katikis (malamin koyar da addini) daga Dayosis ɗin Kontagora ko na Sakkwato, ku buɗe layi, masu sauraro su yi masa tambayoyi komai zafinsu.

Taku mai sauraro,
daga Zuru, jihar Kebbi.